Guzurin Kazabalanka

Mu jikokin fatake ne, ƴan Zango, kuma Inna ba ta taɓa barin kowa ya manta ba. A gidanmu ba a tambayar ranar da matafiyi zai isa, sai dai a tambayi kwano nawa na gero zai ci a hanya.

Shekarar da asibitinmu ya tura ni ƙaro ilimin ungozoma a Kazabalanka ta ƙasar Maroko, na ce mata daga filin jirgin Yamai awa huɗu ne kacal. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Ke ƴar nan, nisan nake tambaya."

Na ce ya kusa ninka garinmu Damagaram zuwa Yamai sau uku.

Nan ta baje yatsu. Yamai wuni guda ce a mota, sau uku kwana uku. Ta ƙara kwana biyu na lalacewar inji, ɗaya na ƴan duwan masu binciken kaya, ɗaya kuma don direba ɗan Adam ne, yana iya ɓata hanya. Na ce jirgi ba ya tsayawa a gyara shi a sama. Ta ce to ai abin ya fi muni, ta ƙara uku.

Kwana biyu turmi bai huta ba. Aka daka tukuɗi, wato gero da dabino da cuku irin na ayari, aka haɗa da ƙilishi da dakuwa. A Yamai sikeli ya ce kayana sun yi yawa. Na tsaya gaban jama'a ina zaɓe tsakanin zannuwana da tukuɗin Inna. Zannuwan ne suka koma gida, don in tukuɗin ne ya koma ba zan iya haɗa ido da Inna ba.

Ban ko kwance ƙullin ba muka sauka. Na kira ta da murnata.

"Inna, na iso lafiya!"

"Guzurin fa?"

"Yana nan, ban taɓa ba."

"To ba ki isa ba. Kakanki bai taɓa sauka da guzuri a taiki ba. Ran da ya ƙare ki kira ni in yi miki barka da sauka."

Haushi ya kama ni. Ga ni a ɗaki, ga teku ina gani ta taga, wai ina hanya. Kullum na kira sai ta ce, "Ya hanya?" Maƙwabta suka riƙa yi mini addu'ar Allah ya kiyaye sharrin ƙarfe, ni kuwa ina aji.

A sati na uku na ce zan rabar wa ƴan ajinmu a huta. Ta ce a hankali, "Kar ki yi sauri. Muddin kina cin na hannuna, ban sallame ki ga baƙi ba."

Tausayinta ya kama ni. Daga ranar na koma gutsurar tukuɗin da farce. Sai da na wata biyar kafin in isa Kazabalanka, saura wata ɗaya in dawo.