Uwar Irin da Na Bari Ta Tafi Ingila

Da ana iya mayar da magana cikin baki, akwai kalmomi uku da zan mayar. Na faɗe su ne da hantsi, a tsakar gidanmu, a gaban baƙi, ina murmushi. Yanzu na haura shekara saba'in, na yi kurakurai da yawa waɗanda na roƙi Allah gafara na kuma samu natsuwa, amma wannan ɗaya ya ƙi kwanciya. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda zan jero zancen.

Ƙauyenmu yana tsakanin Baure da Babban Mutum, ƙasa ce ta jigawa, gero ne abincinmu. Babban abokin gabar gero a wurinmu shi ne ƙuduji, ciyawar nan mai fure ja-ja mai kyan gani, wadda ke kama saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse shi. Kafin ka ga furenta ta riga ta gama aikinta. Sai ka ga kara ya tsaya iya gwiwa, ganye ya yi ɗorawa, kamar an bi gonar da wuta.

Kakata, mahaifiyar babana, tana da gayauna a bayan gida, kuma a nan ƙuduji ya fi yawa. Mutane suna mamakin yadda tsohuwa ke cika rumbunta daga wurin da kowa ya raina. Ni na san dalili, don tun ina ɗan shekara bakwai take jana zuwa can. Idan damina ta ja baya, ƙuduji ya yi fure, sai ta ɗauki ganyen kaba ta nufi inda furen ya fi cinkoso. Tana neman karan da ciyawar ta kewaye shi amma ya tsaya kore shar da zangarniyarsa cike. Idan ta same shi sai ta ɗaura masa kaba, kuma daga ranar babu mai taɓa shi sai ita.

Wata rana na nuna mata wata ƙatuwar zangarniya kusa da juji, na ce ga wadda ta fi duka.

Ta ce, "Kai maigidan, da wannan idon za ka ciyar da ni? Wanda ya yi ƙiba a bakin juji bai gaya mini komai ba. Nemo mini wanda ya sha wuya bai faɗi ba."

Na ce, "To ai ke ma kin sha wuya, sai in ɗaura miki kaba."

Ta bi ni da kara tana dariya, tana cewa ta fasa auren.

Bayan girbi takan ware zangarniya bakwai daga cikin masu kaba, ta soke su a jinkar madafi inda hayaƙi ke bugunsu har su yi baƙi. Su take kira uwa. Sauran kuma ta ɗaure dami guda na iri. Duk wanda ya zo roƙo tana ba shi daga damin, maƙwabci ne ko baƙo, ba ta taɓa hana kowa ba. Amma uwa ba ta fita daga gida sai an soke sabuwa a gurbinta. Ta ce haka ta tarar a hannun surukarta, ita ma haka ta tarar. Har yau idan na shiga madafi mai jinka na ji warin tsohon hayaƙi, sai in ɗaga kai ina dubawa.

Akwai wani abu kuma da na tashi na tarar, wanda duk ɗan ƙasarmu ya sani. Idan baƙo ya yaba abinka, rago ne ko riga ko buta, sai ka ce masa, ai naka ne. Shi kuma ya ce, na gode, Allah ya bar maka. Magana ta ƙare ke nan, an girmama juna, kowa ya riƙe abinsa. Na ji babana ya faɗa wa baƙi haka a kan jakinsa ya fi sau ashirin, jakin kuma a gidanmu ya tsufa ya mutu.

Laifina ya fara tun kafin zuwan baƙin da zan ba da labari. Da na gama firamare na samu ɗan aiki ina raka malaman gona ƙauyuka, ina yi musu bayani ga manoma. Na ga sabon iri mai saurin nuna, na ga takin zamani, sai geron kaka ya fara ba ni kunya. Ni da bakina na riƙa gaya wa mutane su bar na tsofaffi. Suka ji maganata. Bayan rasuwar kaka da ta babana, irin ya dawo hannuna, na matse shi a wata kusurwar gona wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Da ba don yayata ba, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da na bar shi gaba ɗaya. Ita ce duk shekara ke tsare ni sai na ɗaura kaba, ita ke soke uwa.

Ƙanena yana da ɗa mai kaifin ƙwaƙwalwa. A gidan nan aka yanke masa cibiya, a hannuna ya yi rarrafe. Ya yi karatu har jami'a, daga nan aka ɗauke shi zuwa wata babbar jami'a a Ingila, irin waɗanda ake cewa sun yi shekaru ɗaruruwa ana bincike a cikinsu. Ilimin tsirrai yake karanta. Duk majalisar da na zauna sai na sako zancensa.

Ya dawo ne bayan girbi, a shekarun da aka dawo da shari'ar Musulunci a jiharmu. Lokacin ko'ina wa'azi ake yi a kan amana da haƙƙin mutane, ni kuma an saka ni cikin dattawan da ke sulhu a ƙauye, ina ji da kaina. Ya zo da malaminsa, wani Bature dogo mai furfura wanda yake kira Farfesa. Rabin ƙauye ya biyo motarsu har ƙofar gida.

Ba zan yi wa Baturen ƙarya ba, mutum ne mai ladabi. Ya cire takalmi, ya sha fura, ya durƙusa a kusurwar gonar ya tono saiwar tsohon kara yana dubawa da wani ɗan gilashi. Da muka dawo gida ɗan ƙanena ya shiga madafi ya fito da uwa a hannunsa, ya kuma sa aka sauko da damin iri. Damin ɗaya ne tak a shekarar. Baturen ya riƙa juya zangarniyar yana magana da sauri.

Ɗan ƙanena ya ce, "Baffa, Farfesa ya ce ya zaga ƙasashe da yawa bai ga geron da ya tsaya wa ƙuduji haka ba. Ya ce abin ya burge shi ƙwarai."

Kaina ya kumbura. Na dubi jama'a, na dubi baƙo, na ce, "Ai naku ne."

Sai na tsaya ina jiran amsar da aka saba. Ɗan ƙanena ya juya ya yi Turanci, kuma a cikin ɗan abin da nake tsinta na ji kalmar da ke nufin kyauta. Baturen ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. Aka fito da takarda aka ce in sa hannu.

A nan ne zan iya cewa a dakata. Numfashi ɗaya ya isa. Amma mutane suna kallo, kuma ina son su ga cewa ni da alƙalami nake sa hannu, ba dangwale nake yi ba. Na rubuta sunana da kyau, har da ja masa layi a ƙasa.

Ana ɗaukar kayan sai na ji muryar yayata daga bayan zana.

"Har da uwar?"

Ɗan ƙanena ya ce, "Haba Gwaggo, aro ne fa. Kafin ruwan shuka zan dawo muku da ninkinsa."

Ta ce, "Ba da kai nake ba. Da baffanka nake."

Na raka baƙi mota.

Ruwan shuka ya sauka, ba iri ba labari. Na aika wasiƙa. Da wayar hannu ta shigo na riƙa zuwa Baure ina kiransa. Yau ya ce akwai dokar fitar da tsirrai daga ƙasar, gobe ya ce takardu ake jira, jibi ya ce Farfesa ya yi tafiya. Na bi gidajen da nake tsammanin suna da ragowa, kowa ya ce ai kai ka ce mu bari. Sabon irin kuwa, shekarar da taki ya yi wuyar samu, ƙuduji ya kwantar da shi a gonata har na ji kunyar bi ta hanyar da rana.

Bayan wasu shekaru, ina zaune a majalisa da la'asar, rediyo ya ba da labarin cewa masana a wata jami'ar Ingila sun gano wani sirri a jikin wani gero na ƙasar Hausa. Abin da na fahimta shi ne, ƙwayar ƙuduji barci take yi a ƙasa har sai saiwar gero ta fitar da wani ruwa da ke tashinta, shi kuwa wannan geron ɗan kaɗan yake fitarwa. Aka ambaci ɗan ƙanena cikin masu binciken. Majalisa ta kaure da barka, wani har ya ce yanzu sai a riƙa kirana baban Ingila. Na yi dariya tare da su, amma kakata ce ta faɗo mini a rai. Tsohuwar da ba ta san alif ba ta yi shekara hamsin tana zaɓen wannan abin da ganyen kaba.

Na roƙi shugaban makarantarmu ya nemo mini rubutun, ya karanta mini da Hausa. Geron ba shi da suna a ciki, lamba aka ba shi. A can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, an ce wani manomi ne ya bayar da shi kyauta. Babu kaka, babu surukarta, babu ko sunan ƙauyenmu.

Na je wurin wani alƙali a Daura, ba ƙara na kai ba, fatawa na nema. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, me ka faɗa da bakinka?"

Na gaya masa.

"An karɓa an tafi da shi a gabanka? Ka sa hannu?"

Na ce e.

Ya ce, "Ni ma ɗan ƙasar nan ne, na san abin da kake nufi. Amma abin da ya fita a baki aka rubuta, kyauta kuma idan an karɓe ta ta tabbata. Sauran yana tsakanin yaron da Ubangijinsa."

Sai da ƙanena ya rasu na sake ganin ɗansa. Ya zo zaman makoki, ya yi ƙiba, ana ce masa Dakta. Bayan addu'ar uku na kira shi zaure mu biyu.

Na ce, "Ɗana, ina irin kakarmu?"

Ya ce, "Baffa, yana nan lafiya. A ɗakin sanyi yake, ko shekara ɗari zai yi ba abin da zai same shi. Da a nan ne da tuni ƙwari sun cinye."

Na ce, "Ba mu taɓa ajiye shi don ya yi shekara ɗari ba, shuka shi muke yi. Bar wannan ma. Baturen nan ba ya jin Hausa, ban riƙe shi da komai ba. Amma kai a gidan nan ka koyi magana. Da na ce naku ne, ka san abin da nake nufi ko ba ka sani ba?"

Ya dubi tabarma. Sannan ya ce, "Na sani, Baffa. Amma da na fassara masa yadda take, da mun koma hannu banza. Karatuna gaba ɗaya a kan geron nan ya rataya."

Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba a wannan karon. Da ya ce mini haka tun ranar farko, da na ba shi rabin damin da zuciya ɗaya, har in yi masa addu'a.

Yayata ta rasu ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma hakan ya fi mini ciwo. Ni kuma duk kaka nakan bi kasuwannin Baure da Babban Mutum, wani lokaci har Dutsi, ina duba zangarniyar mutane kamar mai neman ɓataccen ɗa. Sau biyu na samu mai kama da shi na shuka, ƙuduji ya cinye. Ban ce bincike abu ne mara kyau ba. Wataƙila wata rana abin da suka gano zai ciyar da mutanen da ban sani ba, ina kuma fatan ladan ya isa kabarin mai shi. Amma jikokina ba za su taɓa ɗanɗana tuwon geron nan ba, kuma ni na jawo.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan: masu bincike za su ci gaba da zuwa, sau da yawa kuma ɗanka ne zai shigo da su. Ka karɓe su, ka ba su, ka faɗa musu sunan wanda ya wahala a kan abin, ka tsaya sai an rubuta shi. Ka faɗi iyakar abin da ka bayar da Hausar da ba ta da fuska biyu. Kada kuma kunyar jama'a ta sa ka miƙa na ƙarshe da ya rage a gidanku, ko da wanda ya miƙo hannun a cinyarka ya girma.