Allon da Yaya Hamidu Ya Bari Babu Suna

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Mushe Hamidu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, inda Mushe ake ce wa malamin boko. Allah ya jiƙansa. Kowace shekara 'ya'yansa sukan ce in rubuta wani abu a kansa, ina kaucewa. Bana na yarda, don tsufa ya fara karɓe mini abubuwa, kuma akwai laifin da nake so in faɗa da bakina.

A shekarun da muka samu 'yancin kai, kowa gaba yake kallo. Gyaɗa ta yi daraja, kamyo, babbar motar kaya, na shiga Tasawa yana fita, mutane suna zancen rufin kwano da rediyo. Shi kaɗai Yaya ya juya baya. Sai ya sayi tsohuwar ganga, maƙeri ya fasa masa ita ya miƙar, ya shafe da fenti ta zama allo, ya rubuta tarihin wani wuri da boko a sama, ajami a ƙasa. Ranar da babu lakwal ya ɗaura a keke, ya je ya kafa a bakin hanya. Ɗaya yana gindin tsamiyar da ayarin gishiri ke sauka, wani a tsohuwar marina. Mutane suna cewa boko ya taɓa shi. Ni ma na faɗa, a gabansa ma.

Akwai wata rijiya a wani ƙauye kan hanyar Korgom. Wani baƙo ne daga wajen Mayahi ya gina ta, bayan mutanen wurin sun yi ta haƙa suna tarar da dutse. Don ruwanta aka zauna a wurin. Amma kowa Baƙo yake ce masa har ya mutu, bai bar ɗa ba, sa'o'insa duk sun tafi. Mutum ɗaya ta rage da ta san sunansa na yanka: matarsa, Inna Kande, wadda ta tsufa tukuf.

To, ina macen da za ta kama sunan mijinta? Yaya ya je sau uku. Ya jero mata sunaye ko za ta gyaɗa kai, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi tana dariya tun daga na farko. A zuwa na uku ta ce masa: "Ɗan nan, kar ka sa ni abin kunya da furfurata. Turo mini mace, ta kwana biyu a ɗakina tana kiran sunaye. In ta zo kan nasa, zan tashi in fita."

Ni ya zo wa. Lokacin ina ɗinki da keke, ga kaka, kuɗin gyaɗa ya shiga hannu, kowace mace tana son sabuwar riga kafin ta maƙwabciyarta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce: "Hajo, kwana biyu kawai." Ban ko ɗaga ƙafa daga keken ba. Na ce: "Haba Yaya, tsohuwar guduwa za ta yi? Bari ciniki ya lafa." Ya kafa allon haka nan, ya rubuta duk labarin, ya bar fili tsawon tafin hannu inda sunan zai shiga.

Ciniki ya lafa, na ce sai bayan salla. Bayan salla na ce zafi ya yi yawa. Kafin ruwan farko Inna Kande ta rasu. Yaya ya dawo daga jana'izarta, ya jingine kekensa, ya sha ruwa. Bai ce mini komai ba, ran nan ko daga baya. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Alluna sun cika bakin hanya, na siminti, masu kyau, amma duk sunan wanda ya kawo aiki ne a kansu da ranar da aka buɗe. Nasa kuwa tsatsa ta ci wasu, wasu an cire. Na ga ɗaya da idona an tare ƙofar garken awaki da shi. Ina jin ba zai yi fushi ba, zai dai tsaya ya karanta wa mai awakin abin da ke jiki. Wayar hannu kuma za ta burge shi ƙwarai. Da ya bi tsofaffi gida gida yana ɗaukar muryarsu, mu kuwa hoton abinci muke ɗauka da ita.

Bara na sa aka kai ni ƙauyen a kan babur, duk da ciwon gwiwa. Rijiyar tana nan, an ɗaure bakinta da siminti, ruwanta bai ƙafe ba. Allon babu shi, sai guntun ƙarfe a ƙasa. Na gaida matan da ke jan ruwa, na tambaye su sunan rijiyar. Wata mai goyo ta ce: "Rijiyar Mushe ke nan, Iya. Wani malamin lakwal ne daga Tasawa ya gina ta tun zamanin da."

Abin da ya rage na Yaya ke nan a wurin. Mutumin da bai taɓa riƙe diga ba an ba shi rijiyar wani, shi da ya yi ta wahala don kar a manta mai ita. Na san da ya ji, abin zai yi masa ciwo fiye da ɓatan allunan duka.

Na ce mata: "A'a, 'yata, ba shi ya gina ba."

Ta dafa guga a bakin rijiyar, ta ce: "To wane ne, Iya?"

Duk matan suka juyo suna jira. Na tsaya a gabansu da sandata, ba ni da sunan da zan ba su.