Ƙwarya Ɗaya, Gwangwani Ɗaya

Shekarar da aka turo ni koyarwa Kafanchan, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, na shiga zumuntar matan majami'armu. Kowace Alhamis in mun gama koyon waƙa, sai a kawo kunun dawa a babbar ƙwarya, ta zaga daga baki zuwa baki. Haka aka saba.

Akwai wata mata 'yar Kagoma da ta dawo daga asibitin kutare. Ta warke sarai, sai dai cutar ta tafi da yatsunta biyu. Muryarta ce ke ɗaukar waƙarmu. Amma in ƙwarya ta iso kusa da ita, sai a tsallake ta, a zuba mata nata a gwangwanin madara. Mu ne kuwa masu rera cewa dukanmu ɗaya ne a gaban Ubangiji, har da tafi.

Abin ya ci mini rai, ni kuma ban iya haɗiye magana ba. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya. Matar Fasto ta ce, "Malama, gaskiyanka ne. Ni ba na da damuwa, sauran ne ba za su yarda ba." Mai sayar da doya ma haka ta ce, matar direban jirgin ƙasa ma haka. Na nemi "sauran" nan har na gaji, ban same su ba. Kowace na son gaskiya, muddin ba a bakin ƙwaryarta za a gwada ba.

Ran Alhamis da ƙwarya ta zo hannuna, na sha, na miƙa wa 'yar Kagoman nan. Ta dube ni, ta karɓa, ta kurɓa. Ƙwarya ta ƙarasa zagayenta ba wadda ta sake kai ta baki, wai duk sun ƙoshi.

Mako na gaba kowace ta zo da kofinta a jaka. Matar Fasto ta yi bayani mai daɗi a kan tsabta, ta ce daga yau ba bambanci. Aka yi amin da ƙarfi.

Har gobe ban ga laifina ba, ko yau aka sake zan miƙa. Amma a hanyar gida 'yar Kagoman ta riƙo hannuna ta ce, "Malama, na gode. Tun da na dawo, leɓena bai taɓa inda na mutum ya taɓa ba, sai ranan nan."

Ba a sake fito da ƙwaryar ba.