Dubiyar da Ta Mayar da Baba Baya a Layi

Muna idar da sallar asuba ran Laraba muka bar unguwarmu Levenshulme a Manchester, mu biyar, duk ɗalibai, da kulolin tuwo da miyar kuka a bayan mota. Birmingham muka nufa, dubiyar wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Tsohon akanta ne, kuma da wuya ka sami ɗalibin da ya zo daga gida bai ci shinkafar gidansa ba. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Ba mu sanar da zuwanmu ba, don a ina aka taɓa neman izini kafin a duba mara lafiya?

Hanyar M6 kam sai haƙuri, manyan motoci da gyaran da ba ya ƙarewa. Direbanmu mai karatun injiniya yana ta bayanin yadda zai gyara titin da an ba shi, alhali shi ya ɓatar da mu tun kafin mu fita Manchester. Mun tsaya shan shayi a hanya. Kuɗin kofi ɗaya, a Kano sai ka shayar da duk teburin mai shayi. Ba daɗi, amma na shanye tas don kada a yi asara biyu.

Small Heath, unguwar su Baba, ta burge ni: gidaje manne da juna, masallaci nan masallaci can, ƙamshin gasasshen nama tun da hantsi. Muka sayi dabino da lemo.

'Yar Baba ce ta buɗe ƙofa, wadda muke ce wa Anti, ma'aikaciyar kantin magani. Ita kaɗai ke jinyarsa tun rasuwar mahaifiyarta. Tana ganinmu fuskarta ta sauya, ta ce, "Yau kuka zo?" Wallahi raina ya sosu. Sai ta bayyana mana cewa yau ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma, za ta zo duba halin Baba. A nan idan tsoho ya kasa kula da kansa, council kan turo masu kula har gida, su yi masa wanka su ba shi abinci, maimakon a kai shi gidan tsofaffi. Amma layi ne mai tsawo, wanda ya fi matsuwa shi ake fara ɗauka, Baba kuwa yana jira tun sanyin bara. Hutun da Anti ta ɗauka ya kusa ƙarewa. In ba a turo su ba, ko ta bar aiki ko ta kai ubanta gidan tsofaffi.

Mu dai abin da muka ji shi ne baƙuwa za ta zo. Nan da nan muka share falo, muka sa turaren wuta. Mazan suka gyara wa Baba gemu, suka sa masa babbar riga da hula, suka ɗauko shi daga gado zuwa kujera. Anti tana ta cewa mu bari, muka ɗauka alkunya ce.

Ma'aikaciyar ta iso, mace mai fara'a, ta tarar da gida fes, tsoho tsaf, tuwo na tururi. Ta tambayi Baba ko mu fita mu ba su wuri, ya ce ai duk 'ya'yansa ne. Ta tambaye shi ko yana iya wanka da zuwa bayi da kansa. Ya dube mu, ya dubi ƙasa, ya ce lafiya lau yake, alhamdulillahi, ɗan taimako kaɗan kawai. Ta tambaya su wa ke taimakon. Wata a cikinmu ta yi wuf da Turancinta mai kyau, ta ce a al'adarmu ba a barin tsoho shi kaɗai, ga mu nan kullum. Dukkanmu muka gyaɗa kai, har da ni, ina jin mun fita kunya. Anti ta ce ba haka ba ne, Baba ya ɗaga mata hannu ya dakatar da ita.

Bayan matar ta tafi na sami Anti a kicin tana kuka. Ta ce rabon da wani ya taka gidan tun ƙaramar Sallah. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, bayanta har ya fara ciwo. "Yanzu ta rubuta yana da jama'a," in ji ta. "Mai jama'a kuwa jira yake yi." Innalillahi!

Da na durƙusa yin sallama, Baba ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na san abin da ya kamata in faɗa mata, 'yata. Amma ba a gabanku ba."

A dawowa ba wanda ya nemi shayi. Jiya Anti ta kira ni: an ce Baba ba ya cikin na gaggawa, zai ci gaba da jira. Ta nemi a sake dubawa, wannan ma da nasa layin.

Abin da na koya, a ƙasar nan ko dubiya a tambaya kafin a je, kuma rufin asirin da muke taƙama da shi ba ko'ina yake amfani ba. Na sayi tikitin bas na ran Asabar zuwa Birmingham don in kama wa Anti jinya, ni kaɗai, ba tuwo ba turare. Mun gaya wa matar nan muna nan kullum, Anti kuwa ran Litinin take komawa aiki.