Kalmasa Uku

Ƙanena ne ya kawo mini 'yarsa nan garinmu Matameye ran da aka yaye ta, ya ce, "Yaya, ga 'yarki, na ba ki duniya da lahira." Allah bai ba ni haihuwa ba, kowa ya sani, shi ya sa na karɓe ta hannu bibbiyu. Da ta fara magana Inna ta kira ni, ba wanda ya koya mata.

Ni ba tela ba ce. Keken ɗinki ne gare ni na hannu, tsoho, mai ƙara kamar injin niƙa, amma tun da ta fara tafiya ba ta taɓa sa siket ɗin da wani ya ɗinka ba. Kuma ina da hanyata. Yaro ba ya jiran tufa, kafin ki juya ya yi tsawo. Saboda haka ba na yanke siket daidai ƙafarta. Nakan bar yadi da yawa a ƙasa, in naɗe shi ciki, in yi kalmasa uku, ɗaya bisa ɗaya. In ta ƙara tsawo sai in sa reza in farke guda, siket ya sauko.

Wahalar tana wajen zaɓen atamfa. In kika sayi mai koɗewa, ranar da kika saki kalmasa sai ki ga ƙasan sabo fil, saman ya yi fari, ga layi ya zagaye siket, kowa a lakwal, wato makaranta, ya san an yi wa yarinya ƙari. Ni kuwa ba a yi wa 'yata dariya. Ran kasuwa sai in je rumfar wani Alhaji in sa shi ya yanko mini ƙyalle kaɗan-kaɗan daga bakin turmi. Yana yanka yana mita: "Ke dai in kin zo, almakashina ne ke cin kasuwa." In na dawo gida in wanke su da sabulu, in shanya a kan katanga, rana ta dake su har wata kasuwar. Wanda ya riƙe launinsa shi nake saye.

Haka na samo wata shuɗiya mai ɗigon rawaya, shekarar da ta fara iya karanta mini allon shaguna. Ban taɓa riƙe atamfa mai taurin rai irinta ba. Ina ɗinki tana tsaye a kaina tana cewa ya yi nauyi. Na ce, "Nauyin na shekaru masu zuwa ne, ki yi haƙuri."

Ba ta daɗe da fara sa shi ba matar ƙanena ta haifi tagwaye a Kance. Sai ga shi a kan babur. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce aronta ya zo yi, ta taya uwar goyo har a yi arba'in. Aro! Da bakinsa ya faɗa. Na haɗa mata kaya, na sa shuɗin a sama.

Arba'in ta wuce, damina ta wuce. In na kira waya ya ce gyaɗa ake cira, a bari a gama. Aka gama, ya ce ai an riga an sa ta lakwal a can. Na kai ƙara wajen kawunmu, ya ce, "To, ke ma kin san ɗa na ubansa ne." Na sani mana. Na sani tun ran da nake wanke mata zawo shi yana Zinder yana shan shayi. Na ji haushi har na daina gaisa da rabin dangi, kuma ban yi nadama ba.

Sai da aka sake haihuwa a gidan na taka Kance, wajen suna. Na ƙulle sabuwar reza a bakin zanena, da allura da zare. Na ce in ba su ba ni ita ba, ai ba za su hana ni sakin kalmasa ba. Duk hanya ina auna ta a raina, ko guda za ta isa, ko sai biyu.

Ina shiga tsakar gida na hango shuɗin, ɗigon rawayan nan raɗau kamar jiya na sayo. Amma wadda ke ciki ƙarama ce, ƙanwarta mai bi mata. Na jawo yarinyar na juya bakin siket ɗin. Babu kalmasa ko ɗaya. An datse shi da almakashi, an bi da wani ɗinki karkatacce.

Matar ƙanena ta ce, "Wallahi Yaya, ya gajarce wa babbar, sai muka ba wannan. Ita kuma ya yi mata nauyi, tela ya rage. Wai yadi ne jibge a ciki, ko me ya sa?"

Ba wanda ya taɓa juya shi ya duba lokacin da ya gajarce wa 'yata.

Can sai ga 'yata ta fito daga madafa, da tagwai ɗaya a baya, cikin wani siket na gwanjo mai roba a ƙugu. Ta kusa kamo ni tsawo. Na dubi ƙafafunta, na ga da biyu zan saki, guda ta rage.

Ta ajiye mini kwanon fura, ta durƙusa, ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo."