Kaset ɗin Direban Siminti

A shekarun da kuɗin mai suka mayar da kowa ɗan kwangila, ina aikin buga takardu a ofishin rajista na wata kotu a Sakkwato. Sojoji ke mulki, gine-gine na tashi ko'ina, buhun siminti kuwa ya fi mutum daraja. An yi ta shela cewa duk wanda ya taɓa kayan aikin gwamnati zai yaba wa aya zaƙi.

Shugabanmu shi ne magatakarda, wani mai tumbi wanda bai iya komai a aikin ba sai buga hatimi. Yana da wani hatimi mai jan tawada da ke rubuta SIRRI, kuma har takardar neman hutuna sai da ya danna mata shi. Makullai kuwa a ƙugu yake ɗaure su, yana tafe suna kacau-kacau don a san mai tsaron asiri ya iso. Amma duk abin da ya shigo ofishin da safe, kafin la'asar an gama tattauna shi a majalisarsa ta Ƙofar Atiku. Na raina mutumin nan tun makon farko, kuma har yau ban ga dalilin sauya ra'ayi ba.

Wata rana aka kawo ƙarar wani direban tirela, mutumin Dundaye, mai ɗauko wa wani ɗan kwangila siminti daga Kalambaina. Ana tuhumarsa da karkatar da lodi guda na ginin makaranta. Shi kuwa ya ce maigidansa ne ya sa shi ya juye a wani kango, da asiri ya tonu sai ya ce bai san zancen ba.

Direban bai iya rubutu ba, don haka yakan yi wa ƙanensa da ke ci-rani a Ikko saƙo a kaset ya ba matafiya. Ranar da abin ya faru yana zaune a gaban mota yana ɗaukar irin wannan saƙo ɗan kwangilar ya leƙo ta taga ya ba shi umarni, rikoda na juyawa. Na ji kaset ɗin da kunnena ranar da lauyansa ya miƙa shi. Ga gaisuwa, ga labarin akuya ta haihu, sai ga murya tar tana cewa, "Wanga lodi kak ka kai shi makaranta, kai shi inda nig gwada maka." Wannan ɗan abu mai kama da akwatin ashana shi kaɗai ne tsakanin direban da gidan yari.

Na ce wa magatakarda, "Ranka shi daɗe, bari in buga abin da ke ciki ga takarda, mu aje. Kuma akwai 'yan kunnuwa biyu ga bayan kaset, in an karye su ba a iya ɗaukar wata magana bisa ta farko."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Mi kac ce? A karya shaida? Kai wanga aiki ba ka san shi ba. Shaida yadda taz zo haka taka zama. Kuma sirri na, ba a kwahe shi."

Ya jefa kaset ɗin a ambulan, ya buga masa SIRRI har sau uku, ya kulle a aljihun teburinsa. Ba wanda ya rubuta komai a jikin kaset ɗin kansa. Aljihun nan kuwa shi kaɗai ke da makulli mai aiki a ofishin, don haka a ciki yake ajiye goronsa da turarensa da kaset-kaset ɗinsa na kiɗa.

Ba a yi kwana uku ba ya farke ambulan. Duk abokin da ya zo masa hira sai ya rufe ƙofa ya kunna masa, su yi ta dariyar zancen akuya. Da kaina na ga kaset ɗin a cikin babbar rikodarsa ya fi sau biyar, ban sake cewa uffan ba, don ina son aikina.

Ana haka aka yi masa ƙarin girma. Maroƙa suka ji labari, suka zo har harabar ofis da kalangu. Ya fito yana baza babbar riga, ya ɗora rikoda a kan taga, ya danna jan maɓalli don a adana wa tarihi wannan rana.

Ranar shari'a kotu ta cika. Direban na tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma, fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi. Magatakarda ya kawo ambulan da sabon hatimi a kai, ya miƙa da hannu biyu. Aka kunna. Sai kalangu ya ɓarke, wani maroƙi na kwarara kirari, yana kiran magatakarda bango, mai riƙon amanar gwamnati. Aka juya ɗaya gefen, ba komai sai shuu. Mutane suka fashe da dariya, ɗan kwangila ya fi kowa. Direban ya riƙa cewa, "Ba shi na ba, wallahi ba shi na ba. Ku ƙara saurare, maganatai na ciki."

Alƙali ya tambayi yadda aka yi. Magatakarda ya rantse cewa a kulle shaidar take tun ranar da ta zo, ga hatimi nan kowa na gani. Lauyan direba ya waigo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba sa bukatar gyara. Shekara uku aka yanke wa direban.

Bayan mako biyu magatakarda ya kira ni ofishinsa. Na ɗauka maganar ce ta dame shi. Ashe takarda yake so in buga, ta neman a sallami kaset ɗin daga cikin kayan shaida tunda an gama shari'a.

"Waƙag ga ta yi daɗi ƙwarai," in ji shi, "kuma ba ni da wani kwahi nata."

Na zauna na buga masa, ba kuskure ko ɗaya. Ya karɓa ya danna mata SIRRI.