Uwar Sikeli da Romon Maman Tela

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, ita ta riga ta iso. Takan cusa jakarta a ƙarƙashin tebur, ta zura farar rigar aiki, sannan ta juya fuskar babban sikelin nan ta kalli bango, don kada na zaune ya leƙa nauyin wani. Daga nan sai wurin zama. Kujerun ɗakin jira duk masu hannu ne, an ƙera su don sirara, mutanenta kuwa ba sa shiga ciki. Shi ya sa kullum za ka gan ta tana jan dogon benci daga sashen masu karaya, ana yi mata tsiya wai ɓarauniya ta zo, ita kuma tana cewa, "Ku kai ƙara, kun san ɗakina."

Uwar Sikeli ake ce mata, daga manyan likitoci har masu gadi. Mataimakiya ce a sashen masu jiran tiyatar rage ƙiba, kuma aikin da aka ɗauke ta ta yi shi ne ta auna mutum ta faɗa wa nas. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. So take ta sulale ta tafi shiru, mu kuwa ba mu yarda ba.

Wanda bai sani ba yakan ɗauka ranar tiyata ce mai wuya. Waɗanda suka bi hanyar sun ce makonnin da ke gabanta sun fi cin rai. Likita kan ɗora mutum kan abinci mai ruwa-ruwa marar maiƙo, don hanta ta sauke kitse ta ba shi hanyar isa ga tumbi. In nauyi bai sauka ba, sai a ɗage aikin. A nan ne Uwar Sikeli ta yi suna, don ita ba ta tsare mutum da tambayar me ya ci. Tambayarta ɗaya ce: "Wa ke dafa maka?"

Ku tambayi Tela. Mutum ne mai fara'a, wanda ya shafe ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki har jiki ya fi ƙarfin gwiwa, ciwon suga kuma ya samu wurin zama. Ya daɗe a layin jira. Da aka ba shi ranar tiyata, da rawa ya shigo ɗakin awo.

"Uwa, an ba ni rana! Yadin da nake ɗinka wa kaina riga ɗaya, kwanan nan zan fitar da biyu har da wando!"

"Allah ya nuna mana," in ji ta, tana dariya. "Amma ka sauke mini ƙafa a hankali, sikelin nan ɗaya gare ni."

Da ya dawo awo na gaba, dariya ta ɗauke. Nauyin bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Nas ta faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in ya dawo haka, likita zai ɗage aikin, ya koma bayan layi. Tela ya rantse ya maimaita cewa tun ranar da aka ce ya daina tauna bai tauna komai ba. Uwar Sikeli ta ga masu satar ci da yawa, ta san yadda suke kallon ƙasa. Wannan kuwa cikin idonta yake kallo, kuma tausayinsa ya kama ta.

"Wa ke dafa maka?"

"Mama ce. Tun da aka ba ni rana ta kori matata daga kicin."

"Kawo mini ita, ta zo da abin da take ba ka."

Washegari sai ga wata 'yar tsamurarriyar tsohuwa ta shigo rungume da fulas, Tela na biye da ita, tana hararar kowa. Uwar Sikeli ta gaishe ta har ƙasa, ta ce, "Mama, ɗan sam mini romon nan, ban karya ba." Tana buɗewa ƙamshi ya cika ɗaki, maiƙo na iyo a sama. Ta kurɓa, ta lumshe ido. "Kai, Mama, hannunki da albarka! Me kika sa?"

Tsohuwa ta gyara zama. "Ɓargo ne, da ɗan man shanu. Shayinsa kuma da zuma nake yi. Za a yanka mini yaro, a ce ruwan zafi zai sha? Da wane jinin zai tashi?"

Tela ya dafe kai. "Mama, kin kashe ni!"

"Rufe mini baki, raya ka nake yi."

Dariya ta zo wa Uwar Sikeli har wuya, ta haɗiye ta. Ta fitar da Tela waje, ta rufe ƙofa, ta zauna kusa da tsohuwa. A nan ne maganar ta fito. Ashe bakwaini aka haife shi, ɗan mitsitsi, babu wanda ya sa ran zai rayu, da lallashi da ɗura uwar ta tashe shi. "'Yar nan," in ji ta, idonta ya cika, "ni abinci kaɗai na sani. In na ji tsoro, tukunya nake ɗorawa."

"Mama, ke da kika saba gyara kayan ciki, kin san hanta mai kitse, yadda take kumbura ta danne abin da ke ƙarƙashinta. Haka tasa take yanzu. Ba ni na faɗa ba, likita ne. Taso ki ga wani abu."

Ta ja hannunta zuwa bayan sashen, inda duk tsakiyar mako waɗanda aka yi wa aikin suke haɗuwa da masu jira, kowa da mai dafa masa. Babu wanda ya sa ta haɗa wannan zama, ita ta yi ta kiran su ɗaya bayan ɗaya har ya zama jiki. Wani direba ya ɗage rigarsa ya ce, "Ga wurin yankan, Mama, maɓallin riga ma ya fi shi." Tsohuwa ta sa yatsa ta danna, ta sake dannawa. Ta juya kan matar direban da tambayoyi, ba ta bar ta ba sai da ta koya mata yadda ake barin romo ya huce a kwashe kitsen tas.

"Ban hana ki girki ba, Mama," in ji Uwar Sikeli. "Na damƙa miki shi. Likita yini ɗaya zai yi da shi, sauran duk naki ne."

Wayyo Tela! Tun daga ranar tsohuwa ta dasa kujera a ƙofar shagonsa. Mai talla bai isa ya tsaya ba, abokin da ya zo da leda sai an bincike ta, in Tela ya dawo daga bayan shago sai ya buɗe baki an shinshina. Ya bugo wa Uwar Sikeli waya yana cewa, "Uwa, da soja kika haɗa ni!"

Ke ce, Uwar Sikeli, mai auna mutum ba tare da ta kunyata shi ba. Ke ce kika gane cewa mai jiran tiyata ba shi kaɗai yake jira ba, akwai wata a kicin da tsoro ya hana ta sukuni, kuma ba ki taɓa mai da ita abokiyar gaba ba.

A makon nan aka yi awo na ƙarshe. Tela ya hau yana riƙe da numfashi. Uwar Sikeli ta leƙa, ta sake leƙawa, sannan ta buga tafi. "Ya sauka! Nas, zo ki gani, ya sauka!" Nas ta ruga wurin likita ta dawo da labarin cewa ranar tiyata tana nan daram. Ɗakin jira ya kaure da sowa, Tela ya rungume mai gadi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ana cikin haka idon Uwar Sikeli ya faɗa kan tsohuwa. Wuyanta ya zurma, awarwaronta na zamewa har tafin hannu. Matar Tela ta raɗa mata cewa tun ranar da ta koyi kwashe kitsen romo Mama ba ta sa komai a baki ba sai irin abin da ɗanta yake sha.

"Haba, Mama! Ke aka ce za a yi wa tiyata?"

"Ina zan iya tauna yana kallona?"

Uwar Sikeli ta share ido da gefen riga, ta jawo jakarta ta fito da abincin ranarta ta ajiye a gabanta. Tsohuwa ta ce ba za ta ci ba sai ya fito daga tiyata lafiya. Sai Tela ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya miƙa mata cokali. "Ci, Mama. Wa zai yi jinyata in kin faɗi? Ci ina kallo, wallahi daɗi zan ji." Ta karɓa, ta ci.

Mun gode, Uwar Sikeli. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ki samu mai riƙe ki kamar yadda kika riƙe na wasu. Mu kuwa da muke da irin Tela a gida, kada mu tsaya a fatan alheri daga nesa. Mu raka shi awo, mu zauna da waɗanda suka riga shi, mu tambayi abin da za mu sa a tukunya da abin da za mu cire. Jibi da safe za a tura Tela ɗakin tiyata, kuma ya riga ya roƙi alfarma ɗaya: Uwar Sikeli ta riƙe gadon ta wannan gefe, Mama ta riƙe ɗayan.